Hutun Hunturu: Daga Babbar Kasuwar Kaduna Zuwa Kurmin Kagoro

Ƙarfe shida da rabi na safe a watan Disamba, Babbar Kasuwar Kaduna ba ta gama farkawa ba. Hazo ya rufe titin Ahmadu Bello, direbobi sun kunna fitila duk da gari ya waye. Mai shayi ya riga ya hura wuta, 'yan dako sun dunƙule a gefen rumfuna hannu cikin hammata, gaisuwar kowa ita ce ina sanyi. Duk wanda ya ɗaga kai a daidai wannan lokaci zai tarar da wata kasuwar tana ci a sama. Tsattsewa na shawagi a saman rufin kwano suna kamun ƙwari. Hankaka ya sauka kan bola da farin ƙirjinsa yana tone-tone. Hasbiya ta jeru a kan katanga, kurciya na kuka daga wata bishiyar da ta tsira daga masu gini, shirwa kuwa tana can sama tana kewaya sashen 'yan nama. Dubban mutane ne ke shiga wannan kasuwa da aka sa wa sunan Sheikh Abubakar Gumi a kowace rana, amma da wuya ka sami mutum goma da suka lura da masu kasuwar sama.

Ni ma abin da ya kai ni ranar sayayya ce. Rigar sanyi nake nema, da takalmin da zai jure dutse, da tocila, da ɗan littafin rubutu mai shiga aljihu. Dattijon da na sayi takalmin a wurinsa ya tambaye ni inda na nufa, na ce masa Kagoro, kallon tsuntsaye. Ya ɗan yi shiru, sannan ya tambaya ko farauta nake nufi. Tambayarsa ta dace. A wurinmu, wanda ya bi tsuntsu daji da danƙo yake binsa, ko tarko, ko bindigar toka. Mutum ya bar gidansa cikin sanyi, ya kashe kuɗin mota, don kawai ya ga tsuntsu ya rubuta sunansa ya dawo hannu rabbana, wannan mun bar wa Turawa. Da muka ci gaba da hira kuwa, sai ga shi ya fi ni sanin tsuntsaye nesa ba kusa ba. Ya san lokacin da shamuwa ke zuwa da lokacin da take tafiya, ya san kukan ragon maza, ya san yadda yautai ke kwanciya a kan hanya da dare har sai ka kusa taka shi. A ƙauye ya tashi. 'Ya'yansa da aka haifa a Kaduna, in ji shi, in ka cire tattabara da kaza da agwagwa, ba su san sunan tsuntsu biyar ba.

Shi ne kuma ya tuna mini da wanda ba ya nan. Duk wanda ya san garuruwan Arewa shekaru talatin ko arba'in da suka wuce ya san babu mahautar da ba ta da ungulu. Suna jere a kan rufi, suna tafiya a ƙasa tsakanin ƙafafun mahauta, ba mai kula su. Har muka yi musu karin magana, muka ce ungulu ba ta jewar banza. Yau sai ka yi shekara a Kaduna ba ka ga ko ɗaya ba. A shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa wannan ungulu tamu ta gari cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Masu bincike da suka bi kasuwannin Najeriya sun nuna cewa babban abin da ya ci ta shi ne cinikin kanta da ƙafafunta da gashinta don tsibbu da magungunan gargajiya, ga kuma guba da ake sa wa mushe. Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara. Tsuntsun da ke haihuwa haka ba zai iya biyan bashin da kasuwa ke ɗora masa ba. Ta tafi a gaban idonmu, kuma babu wanda ya rubuta ranar da ya yi mata ganin ƙarshe.

Wannan ne ya sa nake ganin kallon tsuntsaye ya fi ƙarfin a kira shi shaƙatawar masu hali.

Kalmar da muka manta ma'anarta

A cikin Kaduna akwai unguwar Kurmin Mashi. A Kano akwai Kasuwar Kurmi, wadda tarihi ke dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. In Bahaushe ya ce wane ya tafi kurmi, kowa ya gane kudu ya yi, ƙasar goro da manja. Kalmar tana bakinmu kullum, amma yaran yanzu da yawa ba su taɓa tsayawa cikin kurmi na ainihi ba, wato dajin da itatuwa suka haɗe kai a sama har rana ba ta taɓa ƙasa sai ta 'yan kafofi, ƙasa na da danshi rani da damina. Da yawa suna zaton sai an je Kalaba ko Benin kafin a ga irinsa.

To akwai shi a cikin Jihar Kaduna. Ka ɗauki mota ta hanyar Kachiya, ka wuce gonakin citta, ka bi ta Zonkwa, kafin la'asar kana gindin duwatsun Kagoro, kusa da Kafanchan. A nan ne tsaunukan Filato suka yanke ta ɓangaren kudu maso yamma, suka tsaya kamar bango. Iskar damina da ke tasowa daga teku ɗauke da ruwa in ta iso wannan bango dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, sai ta zubar da abin da ta ɗauko. Shi ya sa ruwan da ake samu a Kagoro ya fi na birnin Kaduna, kuma ƙoramu ke gangarowa daga duwatsu har cikin rani. A cikin kwaruruka da gindin duwatsun nan ne wasu guntayen kurmi suka maƙale, sun rabu da babban kurmin kudu da tazara mai nisa, kamar tsibirai a tsakiyar dajin ciyawa. Mafi shahara a cikinsu shi ne gandun dajin Nindam.

Masana sun daɗe da sanin darajar wurin. A shekarar 1986 mujallar Malimbus, ta ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Afirka ta Yamma, ta buga rahoton Dyer da Gartshore da Sharland a kan tsuntsayen Nindam, inda suka nuna cewa akwai tsuntsayen kurmin kudu zaune a nan, can arewa da inda aka saba ganinsu. Da aka zo tantance wuraren da suka fi muhimmanci ga tsuntsaye a Najeriya, aikin da Augustine Ezealor na Jami'ar Ahmadu Bello ya jagoranta aka buga a 2001, an ware wurare 27, kuma Kagoro da Nindam na ciki. Jihar Kaduna tana da wani a jerin, wato Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda zan dawo kansa.

Cikin kurmi

Da asuba muka fita, ni da wani dattijo ɗan yankin da mai unguwa ya haɗa ni da shi, tsohon maharbi ne da ya ajiye bindiga. Sanyin gindin dutse daban yake da na Kaduna, yana shiga ƙashi. Mun ratsa gonakin da aka girbe, karan dawa a tsaye, ciyawa ta bushe ta yi fari, wasu wuraren an riga an cinna musu wuta sun yi baƙi ƙirin. Leɓɓana sun tsage, hancina ya cika da ƙura. Sai hanya ta gangara wajen wani rafi, muka sunkuya ƙarƙashin wasu rassa, cikin taku ashirin duniya ta sauya.

Abin da na fara ji shi ne ƙamshin ƙasa mai danshi da ruɓaɓɓen ganye, ƙamshin da ban yi zaton zan shaƙa ba sai watan Yuni. Iskar hunturu ta tsaya a waje. Ga loko ya miƙe sambal ba reshe sai can ƙololuwa, ga rimi da saiwoyinsa masu kama da katanga waɗanda mutum zai iya ɓuya a tsakaninsu, ga kwakwar manja ta fito da kanta ba wanda ya shuka, ga igiyoyin kurmi masu kaurin hannu sun sauko daga sama sun nannaɗe juna. Haske kore ne. Malam-buɗe-littafi iri-iri suna sauka a bakin ruwa.

Wanda ya saba da kallon tsuntsu a fili zai sha mamaki a kurmi, domin a nan kunne ne ke gaba, ido na biye. Za ka ji kuka ta dama, ka ji ta hagu, ka ji a bisa kanka, ka ɗaga madubin hangen nesa ka ga ganye kawai. Na yi kusan rabin sa'a ban ga komai ba sai motsin reshe. Baba, kamar yadda nake kiran jagoran nawa, bai damu ba. Ya nuna mini wani kututture muka zauna, ya sa yatsa a baki. Darasin farko ke nan: a kurmi ba a bin tsuntsu, zama ake yi ya zo. Tsuntsayen kurmi suna da wata al'ada ta yin ayari. Iri daban-daban sukan haɗu su riƙa ratsa daji tare, wasu na bin ƙasa, wasu na tsakiya, wasu na can sama, ƙwarin da wannan ya tayar wancan ya cafke, kuma idanu da yawa sun fi saurin hango shaho. Sai daji ya yi tsit na tsawon lokaci, can kuma ayarin ya iso, cikin minti goma ka ga iri bakwai ko takwas, ka rasa wanda za ka kalla, sannan su wuce a koma shiru kamar ba a yi ba.

Haka ya faru da mu. Ban iya tantance rabin abin da na gani ba, yawancinsu ƙanana ne masu launin ganye, kamanninsu ɗaya ga baƙon ido. Amma akwai wanda ba ya ɓoyuwa. Wani tsuntsu mai girman hasbiya, doguwar jela, tukku a ka, ya bi reshe da gudu kamar kurege, sannan ya buɗe fukafukai ya tsallaka wata bishiyar. Jan da na gani a fukafukan nan ban taɓa ganin irinsa a jikin wani abu mai rai ba, ja ne mai zurfi kamar an tsoma alharini a rini. Turako ake kiran danginsu a littattafai, kuma a Afirka kaɗai ake samunsu. Masana sun gano cewa wannan jan launi wani sinadari ne na musamman mai ɗauke da tagulla, wanda tsuntsun ke tarawa daga 'ya'yan itatuwan da yake ci. Baba bai san zancen tagulla ba, amma ya san bishiyar da suke zuwa ci, ya san sa'ar da suke zuwa, shi ya sa ya zaunar da ni a kan wannan kututture ba wani ba.

Da muka tashi, ya riƙe mini hannu ya nuna ƙasa. Kwarkwasa ce ta yi layi baƙi ta ratsa hanya. Ya ce in tsallake da sauri, kada in tsaya. Da muka yi nisa kaɗan muka juyo, sai ga wasu 'yan tsuntsaye a ƙasa-ƙasa suna bin gefen layin, suna tsince fara da gizo-gizo da kyankyasai da ke gudun tsira daga rundunar. Kwarkwasa na yi musu kora, su kuwa suna ci. Ya kuma nuna mini wani kogon bishiya da ya ce dangin cilakowa sun yi sheƙa a ciki bara. Macen takan shiga kogon ta liƙe ƙofar, ta bar 'yar tsaga, namijin ya riƙa miƙo mata abinci har ta ƙyanƙyashe. Na taɓa karanta wannan a littafi. Jin sa daga bakin wanda ya tsaya ya gani da idonsa, yana nuna maka ainihin kogon, wani abu ne daban.

Ba zan ɓoye abin da ya sosa mini rai ba. Ba mu yi tafiyar sa'a biyu ba muka fara cin karo da kututturan manyan itatuwa da aka yanke da inji, garin katako bai ko bushe ba. Ta wani gefen gona ta ci har bakin rafi. Wutar da ake sa wa ciyawa kowace shekara tana lasar gefen kurmin, tana kashe ƙananan itatuwan da za su gaji manya. Kurmi irin wannan in ya tafi ba ya dawowa, domin inuwarsa ce ke riƙe danshin da ke raya shi, kuma babu wani kurmi kusa da zai aiko masa da iri. Ban ga laifin manomin da ke neman abin da zai ciyar da iyalinsa ba. Laifin yana kan tsarin da ya ayyana wuri a matsayin gandun gwamnati a takarda, sannan ya bar shi ba isassun masu gadi, ba alamar iyaka, ba wani amfanin da mutanen da ke zaune kusa da shi za su gani a tsayuwarsa.

Wanda ya je Kagoro a ƙarshen Disamba yana da ƙarin riba. Ranar 1 ga Janairu ta kowace shekara mutanen Kagoro ke bikin Afan, bikin da asalinsa ya shafi kammala girbi da buɗe farauta a duwatsu, gari ya cika maƙil. Magangarar ruwa ta Matsirga ma tana nan kusa da Kafanchan, ko da yake a rani ruwanta ya ragu.

Baƙin hunturu

Da yamma, a gonakin da ke wajen kurmin, na ga abin da ya fi ba ni mamaki a duk tafiyar, kuma shi ne mafi rashin kwarjini. Wani ɗan tsuntsu ne mai ruwan ƙasa, da farin layi a saman ido, yana tsaye a kan karan dawa. Ya sauka ƙasa ya cafki ƙwaro ya koma kan karan. Nauyinsa bai kai giram 20 ba. Wannan ɗan abu a Turai aka ƙyanƙyashe shi. Ya tsallake Bahar Rum, ya tsallake Sahara mai faɗin kusan kilomita 2,000, ya zo cin rani gonar wani manomi a Kudancin Kaduna. Masu bincike a Jos sun ɗaura wa irinsa 'yan na'urori a baya, suka gano cewa sukan bazu a wani yanki mai faɗi na Turai, musamman ta gabas, su yi sheƙa, kuma da yawa daga waɗanda suka rayu sukan dawo ainihin filin da suka zauna bara.

Mu da muka san cin rani ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Daga watan Satumba zuwa Nuwamba miliyoyin tsuntsaye ke sauka ƙasarmu daga Turai da yammacin Asiya, suna gudun ƙanƙara, su zauna har Maris ko Afrilu. Kafin su koma sukan ci su tara kitse, wasu har nauyinsu ya kusa ninkawa, domin a hamada babu wurin yada zango. Shamuwa kuwa akasin haka take yi, ita da damina take zuwa mana, in ruwa ya ɗauke ta yi kudu ta tsallake tsakiyar Afirka. Shi ya sa manomi ke murna da ganinta.

Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke shiga da sanyi ba, har wasu malamansu na da suka ɗauka a ƙarƙashin taɓo suke kwana. A shekarar 1822 aka harbo wani babban farin tsuntsu dangin shamuwa a arewacin Jamus, da mashin Afirka soke a wuyansa, ya yi tafiyar dubban kilomita da shi. Har yau gawarsa tana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1969 kuma masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ya cika shingayen gonakinsu a da, ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku a shekara ɗaya. Da aka bi sawu sai aka tarar fari ne a Sahel, farin da ya ci gaba har ya kai mu ga yunwar farkon shekarun 1970. Tsuntsun ya kai labarin masifarmu Ingila tun kafin jaridun duniya su ji.

Wanda ke son ganin baƙin hunturu da yawansu, dausayin Haɗeja da Nguru ne wurinsa, inda agwagin ruwa na Turai ke haɗuwa da ɗinya da kirinjijiya dubbai. Wanda ke son kurmin kan tsauni sai ya nufi Ngel Nyaki a Mambila ko Gashaka Gumti. Babban kurmin ainihi yana Okomu a Jihar Edo da kuma Kuros Riba, inda a yankin Boje tsattsewar Turai ke taruwa kwana cikin dogayen ciyayi da yawan da ke rufe sama da magariba. Najeriya tana da tsuntsaye fiye da iri 900. Akwai mutanen da ke tara kuɗi shekara guda a ƙasashensu don su zo Afirka ta Yamma su ga kaɗan daga ciki, kuma Gambiya, ƙasar da ba ta kai Jihar Kaduna girma ba, tana cin abinci da wannan kowane hunturu, samarinta da yawa sana'arsu ke nan, jagorancin masu kallon tsuntsaye.

Dajin da ya zama abin tsoro

Na san abin da mai karatu ke faɗi a ransa tun ɗazu: wane daji, a wannan zamani? Gaskiya ne, kuma ba zan raina wannan tsoro ba. Kamuku, wanda aka ɗaga zuwa gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000, ya shafe shekaru sunansa na fitowa a labarai tare da 'yan bindiga. A watan Maris na 2021 aka sace ɗalibai daga kwalejin gandun daji ta Afaka, a bakin garin Kaduna, yaran da suka zo koyon kula da daji. Kudancin Kaduna ma ya ga nasa tashin hankalin. Yau in aka ce an shiga daji da mutum, kowa ya san abin da ake nufi. Kalmar da kakanninmu suka sani da zuma da magani da kiwo da farauta ta koma sunan wurin da ake tsare mutane.

Saboda haka ban ce kowa ya ɗauki jaka ya faɗa kowane daji ba. Kafin ka tashi ka tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a makon nan, kada ka dogara da labarin bara. Ka fara da gaida mai gari ko mai unguwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi ɗan gari ya raka ka, ka biya shi haƙƙinsa da kyau. Kada ka kwana a daji, kada ka yi tafiyar dare. Madubin hangen nesa da kyamara suna jawo zargi, musamman a gari irin Kaduna mai barikoki ta ko'ina, don haka kada ka ɗaga su kusa da shingen jami'an tsaro ko gidan soja, kuma in an tambaye ka ka buɗe littafinka ka nuna. In aka ce maka kada ka je, ka haƙura, tsuntsu ba zai ƙare a bana ba.

Amma ina da yaƙinin cewa dajin da mutanen kirki suka daina shiga, wasu ne ke gaje shi. Inda ɗalibai da masu bincike da masu yawon buɗe ido ke kai da komo, akwai ido, akwai ɗan ciniki ga mai abinci da mai babur, akwai dalilin da zai sa ɗan gari ya hana a sare bishiya. Misalin yana nan kusa da mu. A ƙauyen Laminga da ke gabashin Jos, mutanen gari sun riƙe ɗan dajin Amurum, wanda bai wuce hekta 300 ba. A farkon shekarun 2000 aka kafa Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A. P. Leventis a wurin, wadda aka fi sani da APLORI, tare da Jami'ar Jos da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya. An ƙidaya tsuntsaye kusan iri 300 a ɗan wannan wuri, har da wani jan tsuntsu ɗan'uwan baiwar Allah mai zama cikin duwatsu, wanda sai a 1998 masana suka tabbatar iri ne na daban. Yau ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma suna zuwa can yin digiri na biyu, 'yan ƙauyen kuma suna aiki a cibiyar. Babu abin da Amurum ke da shi wanda Nindam ba ta da irinsa ko fiye.

Kuma wannan ilimi ba baƙo ba ne a yankinmu. A Zariya, cikin shekarun 1960, Hilary Fry yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ya yi bincikensa a kan tsuntsayen nan masu jan maƙogwaro da ke cin ƙudan zuma suna haƙa ramuka a gaɓar rafi, binciken da har yau ake ambato. Kafin shi da kowa, Alƙur'ani ya ba mu labarin alhudahuda da Annabi Sulaiman, ya kuma yi mana nuni da mu dubi tsuntsaye a sama. Abubakar Imam da ya tashi rubuta Magana Jari Ce, aku ya ba wa baki. Akun nan mai jar jela ɗan kurmin kudu ne, kuma kamun da ake yi masa don keji ya rage shi har a 2016, a wani taro da aka yi a Johannesbag, ƙasashen duniya suka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Gauraka, wadda ake kira tsuntsun Najeriya, wadda tsofaffi suka sani a fadamu da gidajen sarauta, yau ganinta a dajin ƙasar nan ya zama labari.

Ba sai an je Kagoro ba

Na dawo Kaduna bayan kwana huɗu da littafi cike da rubutu, rabinsa alamar tambaya. Washegari da sassafe na gangara bakin Kogin Kaduna ta wajen lambun Gamji, tafiyar 'yan mintoci daga kasuwa. A sa'a ɗaya na rubuta balbela, da zalɓe tsaye a kan dutse, da zakaran ƙeƙuwa yana ihu a kan yashi, da sha-kauci a kan furanni, da cilakowa, da ragon maza, da tsiriya sun wuce da ƙara, da wasu uku da ban san sunansu ba. Kurmi ya koya mini zama shiru, kuma da na zauna shiru sai na ga garin da na yi shekaru a ciki cike yake da abin da ban taɓa kulawa ba.

Irin wannan ɗan jerin sunayen tsuntsaye yana da inda zai yi amfani. Tun ƙarshen 2015 cibiyar APLORI ke gudanar da shirin zana taswirar tsuntsayen Najeriya. An rarraba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, duk mai sha'awa ya shiga gida ɗaya ya rubuta abin da ya gani ta manhajar BirdLasser a wayarsa ya aika. Akwai tawagar Arewa a cikin shirin, yawancinsu matasa ne, maza da mata. Da an yi irin wannan shekaru arba'in da suka wuce, da mun san shekarar da ungulu ta fara raguwa a Kaduna, da wataƙila an yi wani abu tun da sauranta.

Akwai kuma aikin da babu Baturen da zai yi mana, shi ne na sunaye. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da sunayen tsuntsaye na Hausa da yau ko malamin Hausa sai ya yi tunani kafin ya gane wanne ake nufi. Burtu, tuje, carki, zalaidu, tsanwaka, borin tunke, kwasakwasa: kowane suna yana tafe da karin magana ko tatsuniya ko wata sanayya ta manomi da makiyayi. Masu riƙe da su su ne irin dattijon da ya sayar mini da takalmi, da irin Baban da ya zaunar da ni a kan kututture, kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Haka abin yake a harshen Kagoro da na Bajju da na Gbagyi da Fulatanci.

Ina kira ga Gwamnatin Jihar Kaduna da ta sake shata iyakar gandun Nindam, ta ɗauki masu gadi daga cikin 'yan yankin, ta nemi haɗin kan Jami'ar Jihar Kaduna, wadda ke da reshe a Kafanchan, a mayar da wurin filin karatu. Ku kuma iyaye, makarantu na ba da hutu a Disamba. Ku ware safiya ɗaya, ku sayi littafin rubutu da fensir a kasuwa, ku ɗauki yaranku da kakansu in yana kusa, ku je bakin kogi kafin rana ta ɗaga. Kakan ya faɗi suna, yaron ya rubuta, ya sa kwanan wata.